Bulon Gyaɗa da Zuma

Ina so a rubuta a ajiye saboda 'yan baya: ni aka zalunta. Duk wanda ya ba ku labarin nan a teburin mai shayi ya ƙara masa gishiri, musamman in Mai Walda ne, mutumin da muka shekara tara a gidan haya ɗaya bai taɓa faɗin alherina ba sai da dariya a gindinsa. Ga yadda aka yi, daga bakin mai abin.

Ni magini ne. Shekara ashirin da bakwai ina ɗora bulo a kan bulo. Ana ce mini Injiniya, sunan da ni na fara kiran kaina da shi, amma ai da bai dace ba da bai zauna ba. Gine-ginena suna nan birjik a gari, yawancinsu a tsaye.

Cikin waɗanda ba sa tsaye akwai katangar surukata. Shekara goma sha ɗaya ke nan da na gina mata ita. Ruwan farko ya sauka, katanga ta ɗan rusuna. Ruwa na biyu, ta kwanta gaba ɗaya a kan bishiyar lemon Inna. Na yi bayani cewa laifin ƙasar wurin ne, ba wanda ya saurare ni. Don in wanke laifin da ban yi ba, na zuba mata dandamali a ƙofar ɗakinta. Ita ta sayi siminti, ni na ba da ƙarfi da basira, na shafe samansa sumul har ƙuda na zamewa. A kansa take shimfiɗa darduma tana karɓar baƙi. Amma tun ranar da katangar nan ta kwanta, Inna ba ta ƙara yi mini magana kai tsaye ba. Ko ina durƙushe a gabanta, 'yarta take duba. "Gaya wa mijinki ina amsawa." "Tambayi mijinki ko zai sha ruwa." Shekara goma sha ɗaya ina gaisawa da surukata ta bakin tafinta, alhali yare ɗaya muke ji.

To, sai aka ce Inna za ta ƙara ɗaki a gidanta. Ku da ba magina ba ba za ku gane nauyin wannan magana ba. In gari ya ji surukar magini ta ɗauko bare ya yi mata gini, wa zai ƙara ba ni ko akurkin kaji? Aikin nan dole ya zama nawa.

Ranar Lahadi muka je gaishe ta, muka tarar da mijin ƙanwar matata ya riga mu. Mai Tabarau nake ce masa. Ma'aikacin ofis ne, tafin hannunsa laushi kamar burodin safe. Ya zaro wata 'yar leda daga aljihu ya miƙa da hannu biyu.

"Inna, ga 'yar tsaraba. Gyaɗa ce da zuma, ba sukari ko ƙwaya ɗaya."

Likita ya ce wa Inna ta rage zaƙi. Ita kuma ta yanke hukunci cewa sukari yake nufi, tunda bai ambaci zuma da bakinsa ba, kuma ba a haifi mai yi mata gardama ba tukuna. Ta jefa ƙwaya ɗaya a baki, ta lumshe ido, ta shiga sa masa albarka har na ƙosa. Shi ko ya gyara zaman tabarau.

"Af, Inna, maganar ɗakin nan. Akwai wani abokina ɗan kwangila, aikinsa ba a magana."

Ina zaune a wurin fa, da siminti a ƙarƙashin farcena.

Na juya ga matata. "Gaya wa Inna wannan 'yar leda abin rarrashin yara ce. Gyaɗa goma sha biyu, kowace tana zaman kanta. Ni zan yi mata wadda za ta shekara tana ci."

Matata ta yi ƙasa da murya. "Malam, kai da ko ruwan shayi sai ka ƙona?"

"Aikin tafinta isar da saƙo."

Ba ta ma isar ba, Inna ta ji. Ta dubi 'yarta ta ce, "Gaya wa mijinki, in ya iya sa gyaɗa da zuma suka riƙe juna zuwa Asabar, zan yarda zai iya sa bulo ya riƙe bulo. Ranar zan faɗi mai yin ɗakin."

Mai Tabarau ya ce, "Allah ya ba da sa'a, Yaya." Na san irin wannan addu'ar.

Litinin da safe na nufi kasuwa wajen Mai Zuma, wani tsoho mai magana a hankali kamar zumar tasa ce ke zuba. Na ce ya cika mini jarka.

"Jarka? Asibiti za ka buɗe?"

Na gaya masa abin da zan yi. Ya ajiye mazurari ya dube ni.

"Ɗana, abin nan ba ya son yawa. Kofi ɗaya na soyayyar gyaɗa, cokali biyu na zuma, ɗan gishiri. Wuta kaɗan, kana juyawa. Da ka ga ta yi ja, ka sauke, ka baza a faranti, shimfiɗa ɗaya, kada wata ta hau wata. Ka bar ta ta sha iska. Abu ɗaya kuma: kada ruwa ya taɓa ta."

Na yi murmushi irin na manya. "Baba, sana'ata ke nan. Kai kana ganin gyaɗa da zuma, ni ina ganin tsakuwa da siminti. Kwaɓi duk kwaɓi ne."

"To ai ba gini za ka yi ba."

"Kowa da kiwon da ya karɓe shi, Baba. Cika jarka."

Ya cika, yana girgiza kai. Da zan tafi ya ce, "In ta ƙi, kada ka ce a wurina ka saya."

A gida matata ta tare ƙofar kicin da jikinta. Ta ce tukwanenta ba su yi mata laifin komai ba. Ban ja da ita ba, don dama tukunya kayan masu ƙaramin buri ce. Na ɗauko sabon kwanon ɗibar siminti na wanke shi tas, na kafa duwatsu uku a tsakar gida, na hura gawayi. Sannan na zauna na yi lissafi irin na masu ilimi. Kankare mai kyau awo ɗaya ne na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. Zuma ce siminti. Gyaɗa ce tsakuwa. Saura yashi. Nan ne inda Mai Zuma da duk matan duniya suka yi kuskure: ba a kankare ba yashi. Na daka wani kaso na gyaɗar ya zama gari. Ga yashi.

Kuma wallahi na auna. Ban rage ko cokali ba. Na cika kowane awo na share bakinsa da katako. Abin da zai shiga bakin surukata ne, ba a wasa da shi.

Mai Walda ya fito daga ɗakinsa yana sakace, ya tsaya a kaina.

"Injiniya, yau kuma gadar ina za a zuba?"

"Wuce ka ba ni iska."

"Da cokalin gini kake juya abinci?"

"An wanke."

"Ai na ga alama. Me ya sa take baƙi?"

"Ja ne mai duhu."

"Hayaƙin fa?"

"Ƙarfi ne ke shiga."

Mai Zuma ya ce wuta kaɗan. Amma Mai Zuma bai taɓa aiki da wa'adi a kansa ba. Na ƙara gawayi, na sa fifita. Zuma ta tafasa ta yi kumfa ta taso kamar za ta yi magana, ƙamshi ya cika gida ya haura katanga. Na zuba yashi, na zuba tsakuwa, na juya har kafaɗata ta amsa. Kafin in gama, baƙin farko suka iso. Ƙudan zuma uku, suna shawagi a kan kwanon.

"Masu kaya sun zo ganin abin da ka yi da dukiyarsu," in ji Mai Walda, yana ja da baya.

Batun bazawa a faranti kuwa, ban ko tsaya a kansa ba. Inna cewa ta yi su riƙe juna. Yaya za su riƙe juna in an baza su kowace a gefe kamar 'yan haya? Na jawo ƙarfen buga bulo, mai inci tara, na toshe ramukansa don ya fito cikakke. Na ɗauko baƙin mai zan shafa a ciki yadda aka saba, matata ta fito da gudu ta fizge galan ɗin.

"Uwar tawa za ka ba baƙin mai?"

"Don kada ya kama ƙarfe ne."

Ta dangwarar mini da kwalbar man girki. "Allah ya sa ina gida."

Na shafa, na juye kwaɓin yana tururi, na danna, na buga, na ƙara dannawa, na hau kan murfin da ƙafa biyu na yi tsalle sau bakwai. Iska ita ce abokiyar gabar kankare. Ban bar mata wurin zama ba.

Talata da hantsi na zare ƙarfen. Jama'a, ban taɓa buga bulo mai kyan wannan ba. Kusurwa huɗu cif, jiki na sheƙi, gyaɗa na leƙowa ta ciki kamar an jera da hannu. Har matata sai da ta ce, "Kyau kam ya yi kyau. Ta ina ake ci?"

"Ba a kai nan ba. Sai ya sha ruwa."

"Ya sha me?"

Kowane yaro a wurin gini ya san bulon da bai sha ruwa ba bulon banza ne. Kwana uku, safe da yamma. Gargaɗin Mai Zuma ya faɗo mini a rai, amma na auna: shi shekara nawa ya yi yana ba bulo ruwa? Na ɗora shi a kan benci a tsakar gida na kwarara masa bokiti guda.

Ruwan da ya gangaro ruwan zuma ne. Ya bi tsakar gida ya malale har ƙofar kowa, rana ta buge shi ya yi kauri. Maƙwabciyarmu Mai Ɗinki ce ta fara fitowa da bahon wanki a ka. Taku biyu, silifas ɗinta ya tsaya, ita ta wuce. Ta tsaya da ƙafa ɗaya a sama kamar zalɓe.

"Maman yara, fito ki ga abin da mijinki ya yi wa gidan mutane."

Na ce, "Baiwar Allah, zuma ce. Mutane saye suke yi, ke an kawo miki har ƙofa."

"In na sauke bahon nan, a kanka zan sauke shi."

Zuwa la'asar kiyashi sun kafa layi daga bakin rariya har ƙafar benci, layi mai kyau, ya fi wanda nake ja da igiya. Na sa ƙafafun bencin a cikin gwangwanayen ruwa. Kiyashi suka koma ɗakin Mai Walda, suka tarar da burodinsa. Ƙudan zuma uku na jiya kuwa ashe 'yan leƙen asiri ne. Laraba suka dawo da dangi. Alhamis suka dawo da dangin dangi. Ba mai shanya, ba mai girki a waje, ba mai zuwa famfo sai da zani a ka. Mai Walda ya koma fita da gilashin waldarsa a fuska, ko banɗaki za shi.

"Injiniya, mai gidan haya ya ce in tambaye ka, su waɗannan baƙin naka, da sunan wa za a rubuta su?"

"Ɗan haƙuri. Asabar za su tashi."

"Su ma ka gaya musu?"

Ban fasa ban ruwa ba. Magini ba ya barin aiki a tsakiya don ƙwari. Da yammacin Alhamis, ina cikin kwarara bokitin ƙarshe, ɗaya daga cikin ƙudan zuman ta sauka a leɓena na sama ta sa hannu a takardar aiki. Kafin magariba leɓen ya yi girman ƙwai. Matata tana shafa mini man zafi tana ƙunshe dariya.

"Zuma ga zaƙi ga harbi," in ji ta.

Na so in ba ta amsa, leɓe ya hana.

Juma'a na duba aiki. Ruwa ya ci fuskar bulon, inci tara ya koma takwas, jikinsa ya yi ramuka, yana danƙo, ga fukafukai da ƙafafun waɗanda suka yi shahada a kansa. Wani zai karaya. Ni kuwa ban ga komai ba sai bango mai jiran filasta. Na ɗora shi a rufin kwano ya sha rana yini guda, na sauke, na tsince abin da ya tsintu, na kwaɓa sauran garin gyaɗa da ragowar zuma, na shafe shi ta kowane gefe, na goge da cokali har ya koma sumul.

Mai Walda yana kallo ta tagarsa. "Abin da ke ciki fa?"

"Wa ke ganin ciki?"

"Haka kake yi wa gidajen mutane?"

"Haka ake yi wa gidan kowa. Je ka kankare bangon ɗakinka ka gani."

Asabar na yi wanka, na sa rigata mai aiki a wuya, na shimfiɗa sabon tawul a cikin baro na ɗora bulo, na rufe da mayafin matata ba da saninta ba. Na ce mu tafi. Ta ce ita za ta bi ta wata hanya, mu haɗu a can. Mai Walda ya rufe shagonsa ya biyo ni da injin yankan ƙarfe a kafaɗa.

"Wa ya gayyace ka?"

"Za ka neme ni. Na rage maka wahalar aike."

Muka bi titi, ni a gaba da baro, leɓe na gaba da ni, ƙudan zuma a sama kamar 'yan rakiya. Mai shayi ya bar tukunyarsa. Mai faci ya bar taya. Masu zaman benci a ƙofar shagon aski suka taso, wai za su ga abin da aka rufe. Mai Walda na gaya wa kowa, "Ku zo, Injiniya zai buɗe sabon gini." Kafin mu kai gidan Inna mun zama ayari.

Inna na zaune a kan dandamalina, a kan dardumarta. Matata da ƙanwarta a gefe. Mai Tabarau a kujera, kusa da shi wani mai ƙaton ciki da tef ɗin awo a ƙugu, wato abokin nan nasa ɗan kwangila. Har an kawo shi. Na yi kamar ban gan shi ba. Na durƙusa na yi gaisuwa, tafinta ta isar, aka amsa. Sannan na rungumo bulo na ajiye a gefen darduma, na yaye mayafi.

Wuri ya yi tsit, in ban da kukan ƙudan zuma.

Inna ta daɗe tana kallo. "Tambayi mijinki, harsashin ɗakin ne ya fara kawowa?"

"Gaya wa Inna gyaɗa ce da zuma. Ta ce su riƙe juna. Ga su, sun riƙe."

"Gaya masa na gani. A ɗan gutsuro mini."

Ƙanwar matata ta kawo wuƙa. Na ɗora na danna. Wuƙa ta ratsa filasta ta tsaya. Na ƙara ƙarfi, ta lanƙwashe kamar lauje. Aka kawo adda, na sara, adda ta yi tsalle ta dawo, bulo ko gezau. Aka aro zarto daga maƙwabta. Na ja sau uku, haƙoransa suka cike da danƙo, ya kafe a ciki, da ƙyar mutum biyu suka zare shi.

Mai Tabarau ya ce, "Yaya, ko a jiƙa shi?"

"An jiƙa," in ji Mai Walda. "Kwana uku."

Ɗan kwangila ya sunkuyo ya ƙwanƙwasa bulon da 'yar yatsa, ya dube ni da wani irin girmamawa da ban so ba. "Maigida, wane siminti ka sa?"

Mai Walda bai jira na roƙe shi ba. Ya jona injinsa, ya sauke gilashi, ya ɗora. Injin ya yi ƙara, ya shiga kamar rabin inci, sai hayaƙi ya tashi mai warin ƙonanniyar zuma, narkakken danƙo ya fara feshi. Ya sami tabaraun Mai Tabarau, ya sami rigata mai aiki, ya sami 'yan kallo na layin gaba. Sannan faifan injin ya kafe ya tsaya cik. Ƙudan zuma da suka ji sabon ƙamshi suka sauko gaba ɗaya. Masu zaman benci suka watse, suka sake taruwa a bakin ƙofa, don ba mai son ya rasa ƙarshen labari.

Inna ba ta motsa ba. Ta kaɗa gefen mayafinta ta kori guda ɗaya. "Gaya wa mijinki ina jira. Ban karya da yawa ba saboda shi."

Nan zuciyar maza ta motsa. Na hango babbar guduma a jingine da kayan ɗan kwangila, wadda ya kawo don fasa tsohon bango. Na ɗauko. Matata ta ce, "Malam, bari." Na ce a matsar da Inna gefe. Aka ɗauke ta da darduma aka mayar kan kujera. Na tofa yawu a hannu, na ɗaga guduma har bayan ƙeya, na sauke da ƙarfin shekara goma sha ɗaya.

Aka ji ƙara, ƙura ta tashi.

Da ƙura ta lafa, bulo na nan yadda yake, sai ɗan tabo a filasta. Dandamali ne ya tsage. Tun daga inda bulon yake har bakin ƙofar ɗaki, tsaga mai faɗin tafin hannu, gefe ɗaya ya rufta, bulo ya nutse a ciki har rabi. Saman nan mai sumul ya ɓare kamar ɓawon ƙwai. Abin da ke ƙarƙashinsa ya zubo a hankali, yana gangarowa. Yashi ne, ja, mai laushi, irin wanda yara ke wasa da shi.

Ba wanda ya yi dariya, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ko Mai Walda cire gilashi ya yi ya tsaya.

Inna ta tashi da sandarta, ta taka har bakin tsagar, ta sunkuya ta ɗebi abin da ya zubo. Ta murza a tafin hannu, ta hura, ya tashi. Ta sa sanda ta ƙwanƙwasa bulon gyaɗa, ya amsa kamar dutse. Ta dubi matata.

"Tambayi mijinki, wannan na zumar, yaya ya haɗa shi?"

Ko a wannan hali ilimi ba ya ɓuya. Na gyara murya, na ce, "Gaya wa Inna awo ɗaya na zuma, biyu na gari, huɗu na gyaɗa. Cif. Ban rage ko cokali ba."

Matata ba ta isar ba. Ta rufe fuska da hannu.

Sai Inna ta juyo. Ba 'yarta ta duba ba. Ni ta duba, ido cikin ido, karon farko tun ranar da katanga ta kwanta.

"Ashe ka san awo," ta ce.

Na buɗe baki zan yi bayani, ta riga ni.

"Shekara goma sha ɗaya ina yi maka uzuri. Ina cewa bawan Allah bai iya ba ne, a bar shi da rashin saninsa. Buhun siminti shida na saya na dandamalin nan." Ta karkaɗe yashin daga hannunta. "Ashe ka iya."

Daga bakin ƙofa wani ya ce, "Ni ma shi ya zuba mini daɓen shago." Wani ya ce, "Bari in je in ƙwanƙwasa matakalata." Ayarin da na jawo da hannuna ya fara raguwa, kowa ya nufi gida da sauri, kuma na san ba abinci za su ci ba. Mai Tabarau yana goge tabarau da gefen riga, yana ƙara shafa danƙon. Ɗan kwangila ya zare tef ɗinsa a hankali ya fara auna filin ɗaki, ba wanda ya ce masa fara, ba wanda ya ce masa bari.

Na ce, "Inna, a duba. Sharaɗi dai riƙe juna ne."

"Sun riƙe," in ji ta. "Ka ci sharaɗi. Duk ranar da zan gina ɗaki da zuma, kai zan kira."

To, kun ji. Yanzu ku yi mini alƙalanci. An ce in haɗa, na haɗa. An ce ya riƙe, ya riƙe, har wuƙa da adda da zarto da inji sun shaida. Ɗan kwangila ya gina ɗakin, kuma na je na duba, kusurwarsa ta yamma ta kauce da kusan rabin inci, amma ba wanda ya kira taro a kan wannan. Ni kuwa wata uku ke nan duk wanda na yi wa sallama sai ya ce in zo in ga wani abu a bangonsa. Mai Walda na bina da faifan injinsa, wai in kankare masa. Mai Zuma in ya hango ni sai ya shiga gyaran jarkoki.

Amma akwai abin da masu ba da labarin nan ke ɓoyewa saboda hassada. Na ɗaya, Inna yanzu da bakinta take yi mini magana. Abin da take faɗa ba na maimaitawa ba ne, amma ba tafinta. Na biyu, bulon yana nan. Da shi take tokare ƙofar sabon ɗakin. Kiyashin unguwar sun yi wata uku suna aiki a kansa, safe da yamma, ko kusurwa ɗaya ba su gama ba.

Na ce za ta shekara da shi. Ku je ku gani in na yi ƙarya.